Lihaf ɗin riyal 800 da Goggo ta ɗinka min a Makka, bayan sanyi biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun bara nake son yin wannan rubutun amma nace bari dai abin ya kwana biyu a hannuna tukunna, kar in zo in yabe shi yana sabo daga baya ya ba ni kunya. To yanzu kam ya ga sanyin Ɗa'ifa sau biyu, an wanke shi sau uku, yara sun yi ta tsalle a kai, an ma taɓa kifar masa da shayi, ina ganin na isa in faɗi abin da na gani.

Ga wanda bai sani ba, lihaf shi ne bargon nan mai hawa uku, yadi a sama, auduga a tsakiya, shafi a ƙasa, sai a bi shi da allura a ɗinke layi layi don kar audugar ta gudu ta taru waje ɗaya. Nawa kuma saman nasa ba yadi ɗaya ba ne, ƙyallaye ne na atamfa aka yanka aka harhaɗa, kuma fiye da rabinsu zannuwan mahaifiyata ne Allah ya jiƙanta.

Mu da aka haifa a Makka ai ba mu san wani sanyi ba sai na mukayyif, wato AC mai sanyaya ɗaki. Aure ne ya kawo ni Ɗa'ifa, garin da ke bisa dutse sama da mita 1,800, tafiyar awa ɗaya da wani abu ce kawai daga Makka ta hanyar Hada amma wallahi kamar wata ƙasa ka shiga, in Janairu ya zo da asuba ko taka tayil ba ka son yi, ga hazo, ga iska mai shiga ƙashi. Shekara huɗun farko bargo uku na saya a kasuwa. Na farko riyal 85, mai laushin nan kamar gashin mage, yana da ɗumi ba zan yi masa ƙarya ba, amma tsakar dare sai ka farka jiƙe da gumi, ka yaye kuma sanyi ya kama ka, in ka juya cikin duhu har tartsatsi kake gani. Na biyu mai fayiba a ciki ne, wanki biyu aka yi masa a magsala, wato shagon wanki, duk cikin ya dunƙule, nan tudu nan rami. Na ukun yana nan har yanzu, shi muke shimfiɗa wa baƙi.

Bayan rasuwar Inna 'yan uwana suka bar min tsofaffin zannuwanta, waɗanda sun riga sun sha jiki, ba su kai a ba wani ya ɗaura ba kuma zuciyata ta ƙi yarda in yar. Suna cikin akwati kusan shekara, sai wata ƙawar Inna tace min in kai wa wata dattijuwa a can wajen Shara Mansur, wani titi a Makka, ita ke irin wannan ɗinkin a gida. Ba shago gare ta ba, ba ta da Instagram ba ta da komai, baki da baki ake saninta. Goggo muke ce mata duka.

Na je, muka gaisa, ta buɗe akwatin tana ɗaga zannuwan ɗaya bayan ɗaya tana duba su a hasken taga, wani ta ja shi da hannu biyu ta ajiye gefe tace wannan ya mutu 'yata, ko na ɗinka wanki ɗaya zai yage. Nace Goggo nawa za ki yi min na gado babba? Tace dubu ɗaya. Ni kuma da sabon kasuwa sai na taya ɗari biyar. Ta yi shiru, ta ninke zanin da ke hannunta, tace albarka. Muka yi ta ja har muka tsaya a 800, na ba da 300 kafin alƙalami, na fito ina ganin na yi ciniki mai kyau. Wannan tayin da na yi shi ne abin da har yau in na tuna nake jin nauyi a ƙirjina, kuma shi ne ainihin dalilin wannan rubutun.

Da na dawo gida maigida yace 800 a bargo ɗaya? Ƙanwarsa kuwa kai tsaye tace an cuce ki, da kuɗin nan sai ki sayi takwas. Maganar ta tsaya min, don haka duk ranar da muka sauko Makka sai in biya wajen Goggo in zauna, da farko don in ga ko da gaske aikin ya kai, daga baya kuma don na fara jin daɗin zaman. A nan na ga abin da ake biya.

Kafin almakashi ya taɓa komai sai da ta wanke duk yadin, har sabon shafin da ta sayo, saboda auduga tana tsukewa a wankin farko, in ka haɗa tsohon zani da sabon yadi ba ka wanke ba to ranar da ruwa ya taɓa su sabon zai ja tsohon, ɗinki ya tattare. Ta goge, ta yanke duk inda ya koɗe ko ya yi rauni, sannan ta fara yanka. Lihaf ɗin faɗinsa santimita 220 tsawonsa 240, kowane ƙyalle in an gama ɗinki santimita 10 ne ta kowane gefe, wato 22 a jere sau 24, ƙyalle 528 kenan, kowanne da hannu aka auna aka yanka. Zannuwan Inna ba su isa ba sai da ta cike da ragowar yadi daga wajen teloli. Sai ta baje su a ƙasa tana jerawa tana sakewa, tace ba a haɗa mai duhu biyu waje ɗaya, ido zai maƙale a wurin. Kwana biyu ta yi tana wannan jerin kawai, ba a ɗinka komai ba.

Haɗa ƙyallayen da keke ta yi, tsohon keken ƙafa, wannan ina so in faɗa don kar wani ya ɗauka komai da komai allurar hannu ce. Amma ɗinkin da ke riƙe hawa ukun, wanda shi ne lihaf ɗin, da hannu ne tun daga farko har ƙarshe. Ta shimfiɗa shafi, ta baza auduga kilo 3 tana daddaɓawa da tafin hannu har ta yi daidai ko'ina, ta rufa saman, ta kakkama da manyan ɗinki na wucin gadi, sannan ta fara daga tsakiya tana fita waje. Tsakanin layi da layi yatsa uku, kamar santimita 5, a tsaye da kuma a kwance. Na zauna na lissafa, layi 44 masu tsawon mita 2.4 da layi 48 masu tsawon mita 2.2, ya haura mita 200 na ɗinki, allura tana ratsa auduga mai kauri tana fitowa. Yatsanta na tsakiya ya yi kanta kamar fatar takalmi. Ita ma tace da za ta buɗa layin ya zama tafin hannu guda da ta gama a rabin lokacin, amma shekara biyu audugar za ta zame, kuma sunanta ne zai ɓaci.

To ga lissafin da na yi, ba ita ta ba ni ba, ni na dinga tambaya a hankali ina rubutawa a waya. Yadin shafi mita 5 riyal 90, auduga shiɓaɓɓiya daga wajen najjad, wato mai shiɓar auduga da ɗinka katifa, riyal 75, yadin kalmasar gefe 40, zare da allurai 20, ragowar yadin teloli da kuɗin motar zuwa kasuwa da sabulu a ce 25. Riyal 250 kenan sun tafi kafin a ce ladan hannu. Saura 550. Tana zama wajen awa 4 a rana, safe kafin azahar da kuma bayan la'asar, ban da Juma'a, kuma ainihin aikin ya ci sati 6, kwana 36, awa 144. Raba 550 gida 144, bai kai riyal 4 a awa ba. Ko shawarma ɗaya ba zai saya ba. Don a gane nisan abin, albashi mafi ƙanƙanta da ake lissafa ɗan ƙasa da shi a matsayin cikakken ma'aikaci a tsarin Niɗaƙat, wato tsarin gwamnatin Saudiyya na ɗaukar 'yan ƙasa aiki, riyal 4,000 ne a wata, aikin sati kuma awa 48 a doka, in ka raba zai kama wajen riyal 19 a awa. Da haka za a biya Goggo da lihaf ɗina ya tasam ma riyal 3,000. Ni kuwa na taya ɗari biyar, wanda da ta sallama da riyal 250 za ta ci a aikin sati shida.

Abin da ya fi damuna shi ne mu ɗin nan in muka shiga babban shago a mol, farashi na manne, har da harajin kashi 15 da aka sa tun Yulin 2020 a ciki, mu miƙa kati ba ko tari. Amma in tsohuwa ce tamu a ɗakinta, mai jin yarenmu, wadda ta san iyayenmu, nan ne bakinmu yake buɗewa, haba Goggo ai mu naki ne, a yi mana ragi. Kuma kunya ba za ta bar ta ta ce a'a ba. Na sha gani, ba ni kaɗai ba ce, wata ma a gabana tace ai tsummokara ne, me za a caje ta a kai.

Wata rana ina zaune na tambaye ta inda ta koya. Tace wajen mahaifiyarta, ita kuma a Sudan. Iyayenta irin mutanen nan ne da suka taho hajji ta ƙasa, suna tafiya suna tsayawa suna aiki, suka yi shekaru a yankin Jazira na Sudan suna tsinkar auduga kafin su tara kuɗin tsallako teku zuwa Jidda. Wanda ya san tarihi ya san tun da aka gama madatsar Sennar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, Hausawa da Fulani da sauran mutanenmu na yamma suka yi aiki sosai a wurin, ga garin Mai Wurno nan a bakin kogi har yau. A can mahaifiyarta ta ga yadda najjadai ke kaɗa auduga da baka, tace ai irin bakan shiɓar gida ne sai dai nasu ya fi girma. Yanzu inji ke yi. Kuma ma in aka duba abin ba baƙo ba ne a wurinmu, lifidin da ake sa wa doki da mahayi ai shi ma yadi ne da auduga aka ɗinke, tarihin Kano ya ce tun zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka fara amfani da shi a yaƙi. Mun dai bar shi wa dawakin hawan sallah ne kawai.

Maƙwabciyata 'yar Bangaladash da ta shigo ta gan shi a gado sai ta koma ta ɗauko nata, sunansa kantha a yarensu, tsofaffin sari ne, wato zannuwan matansu, aka jera aka bi da ƙananan ɗinki, kakarta ta yi. 'Yan Pakistan na yankin Sindh su ma suna da nasu, ralli. A Amurka kuwa akwai wani ƙauye na baƙaƙen fata a Alabama, Gee's Bend, matan wurin da tsofaffin kayan aikin gona suke haɗa nasu don tsabar rashi, a 2002 aka baje su a gidan adana zane na Houston da na Whitney a New York, a 2006 har kan tambarin wasiƙa aka buga su. Ko nan Saudiyya an sa wa 2025 sunan shekarar sana'o'in hannu, saƙar sadu ta Badawiyyai ta shiga jerin UNESCO tun 2020, ana ta baje kolin iyalai masu sana'a a gida. Ina murna da hakan, amma irin su Goggo ba sa zuwa waɗannan wuraren, ba wanda ya san da su sai mu, mu ɗin kuma ga yadda muke tayawa.

To bari in dawo kan kayan, don yabo kawai ba shi ne gaskiya ba.

Ɗuminsa daban ne. Ba ya yi maka zafi farat ɗaya kamar na roba, minti biyar na farko ma za ka ji shi da ɗan sanyi, sai a hankali ya ɗauki ɗumin jikinka ya riƙe, kuma ba gumi, tun da na fara rufa da shi ban sake farkawa a jiƙe ba. Maigida da ya ce 800 a bargo yanzu shi ke fara janye shi ɓangarensa. Da rani ma in an kunna mukayyif muna rufa da shi. Bayan wanki uku audugar tana nan inda aka ajiye ta, na bi shi da hannu kusurwa zuwa kusurwa ban ji dunƙule ko ɗaya ba, ya ma ƙara laushi ya yi 'yar tattara mai kyau. Wuri ɗaya ɗinki ya ɓalle, kamar tsawon yatsa, inda ƙaramin ɗana ya saƙala abin wasa, na kai mata ta gyara a zaune muna hira, ko sisi ta ƙi karɓa.

Aibinsa kuma ga su. Nauyi, ya kai kilo 5, mai ciwon ƙafa ko tsoho zai iya jin ya danne shi, ƙaramin yaro kuwa sam kar a rufa masa irin wannan. Wanki wahala ne, injin gida ba ya ɗaukarsa, in ya sha ruwa mutum ɗaya ba ya ɗaga shi, kuma kwana biyu yake yi bai bushe ba, in lokacin hazo ne ma fiye, in kuwa aka ninke shi da danshi zai yi wari. Ni a baho nake jiƙa shi da ruwan sanyi in tattaka, mu biyu mu kai shi soro. Wani jan ƙyalle daga cikin na teloli ya zuba a wankin farko ya ɓata farare biyu da ke kusa da shi, har yau da ɗan ja ja a wurin, wannan kam raina ya sosu don ɗaya daga cikinsu na Inna ne. Satin farko yana da ƙurar auduga, mai asma ya shanya shi a rana ya kakkaɓe tukunna. Layukan ba su miƙe sar kamar na inji ba, wasu kusurwoyin ba su haɗu daidai ba, ni bai dame ni ba amma na san akwai wadda zai dama. Sai lokaci, wata ɗaya ta ce min, sai da na yi wata biyu cur, don ta yi rashin lafiya a tsakani kuma akwai na wata a gabana. Ba rasit, ba mayarwa, amana ce kawai. Mai shirin kayan ɗaki in biki saura wata ɗaya kar ma ta fara.

Kuma ba zan ce wa kowa lallai ya saya ba. In ɗumi kawai kike nema kuma kuɗin a ƙirge suke, bargon riyal 100 zai raba ki da sanyi, ba abin kunya ba ne, ni ma shi na rufa shekara huɗu. Masu cewa ai na hannu ya fi araha in an raba da shekaru, eh zai iya yiwuwa, lihaf na auduga ana iya farke shi a sake shiɓa audugar a mayar, na roba kuwa in ya mutu sai shara, amma ni shekara biyu kawai na gani, iya abin da zan yi shaida kenan. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma ni ba ado ya kai ni ba. Akwai wani shuɗin zani mai zanen ganye da Inna ke ɗaurawa in za ta shiga kicin, yana nan wuri tara a jikin lihaf ɗin, na ƙirga, 'yata mai shekara biyar da ba ta yi wayo da kakarta ba ta san shi, takan sa yatsa tace wannan na Inna ne. Wannan ban san yadda ake sa masa farashi ba.

In za ki bayar a yi miki, ki wanke ƙyallayenki da kanki tun a gida, musamman ja da baƙi da shuɗi mai duhu, ki jiƙa kowanne daban ki ga ko yana zuba. Kar ki haɗa leshi ko yadi mai santsi da atamfa, ba sa tafiya tare. Ki tambayi kilo nawa na auduga za a sa, ga mutanen Makka da Jidda da ba su da sanyi sai na mukayyif kilo ɗaya da rabi ya isa, zai fi sauƙin wanki ma. Ki sa yatsu a tsakanin layukan wanda ta taɓa yi, in ya wuce yatsa huɗu ki ce a matse. Kuma dan Allah kafin ki buɗe baki ki taya, ki tambaye ta kwana nawa zai ɗauke ta.

Ranar da na je ɗauka na cika mata 500 ɗin da suka rage, na ɗora 200 a kai ya zama dubun da ta faɗa tun farko, don haka a gaskiya 1,000 na biya duk da a 800 muka yi ciniki. Ta ƙi karɓa tace ai mun riga mun gama magana 'yata, sai da na tura ƙarƙashin dardumarta na fito. Ko da hakan riyal 5 da 'yan kai ne a awa. Watan jiya na sake kai mata sauran ƙyallayen za ta yi wa 'yata ƙarami na gado mai cin mutum ɗaya, ta ce 600, nace to. Ta ce sai bayan hajji don mutum huɗu ne a gabana, kuma yanzu ba ta iya zaman la'asar saboda ido, jikarta ce ke zura mata zare a allura.